Dan Allah wa ya san tarihin matar nan Meredith mai tsallake shinge da doki?

Maman Ilham (Unguwar Dosa):

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Tambaya gareni dan Allah masu sani su taimaka. Yarinyata ce 'yar shekara 13, tun da babanta ya fara zuwa da su kallon folo can wajen Murtala Square shikenan ta kamu da son doki, na ɗauka abin na kwana biyu ne sai gashi yanzu duk data ɗina a YouTube yake ƙarewa wajen kallon turawan nan masu tsallake shinge da doki, kuma akwai wata mata guda da ta liƙe mata wai Meredith Michaels-Beerbaum, dokinta wani mai duhu Shutterfly. Kullum Mama kinsan ta kada maza, Mama kinsan ita ce ta ɗaya a duniya. Ni dai a sanina kowane wasa na mata daban na maza daban. Da gaske tare suke gasa? Wacece matar kuma ya akayi ta kai nan? Sannan abin da ya fi damuna, wannan sana'a ce da mutum zai ci abinci da ita ko shagalin masu kuɗi ne kawai, don yarinya ta fara cewa ita abin da zata yi kenan in ta girma.

Abban Sadiq (Malali):

Wa'alaikumussalam Hajiya, ai Ilham ta fi ki gaskiya a nan hhh. Wasan dawaki ko a Olamfik ba a raba maza da mata, shingen da namiji zai tsallake shi mace zata tsallake ba a rage mata ko inci ɗaya. Dalili kuwa ai ba mutum ne ke tsallen ba doki ne, aikin wanda ke sama shine ya kawo dokin gindin shinge daidai inda ya kamata ya tashi kuma da daidai gudun da ya kamata, in ya matso da yawa ƙafar gaba ta kwashe sanda, in ya tashi daga nesa bazai kai ba. Shiyasa kafin a fara zaki ga mahayan sun shiga filin da ƙafa suna ƙirga taku daga wannan shinge zuwa wancan. Ido ne da lissafi da sanyin hannu a linzami, ƙwanji ba wani tasiri yake ba.

A manyan gasa tsayin shinge na kaiwa mita 1.60, wasu ga tsayi ga faɗi, akwai ma na ruwa. Sandunan ba a ɗaure suke ba ɗora su kawai akeyi, kofato ya ɗan taɓa ta faɗo an rubuta laifi 4. Doki ya turje ya ƙi tsallakewa laifi 4, ya sake na biyu an fitar da mutum, haka in an faɗo ƙasa. Waɗanda suka gama ba laifi ko ɗaya sai a rage shingayen a sake sa su zagayen raba gardama, wanda ya fi sauri ba tare da ya yar da sanda ba shi ya ci.

Toh ita Meredith asalinta Ba'amurkiya ce, a Los Angeles aka haife ta ƙarshen 1969, babanta darakta ne na shirye-shiryen talabijin, kinga dai ba daga gidan babu ta fito ba. Tun tana ƙarama take hawa, har ta shiga jami'ar Princeton tana karanta kimiyyar siyasa, sai a 1991 ta tafi Jamus wajen Paul Schockemöhle wani tsohon zakaran Turai mai ƙatuwar barga, da niyyar ta ɗan yi hutu ɗaya tana koyo ta koma makaranta. Zaman da ta yi kenan. Ni wannan wurin ne nake ganin ya yi ta, don a irin bargar nan ba dokinki ɗaya na gata zaki ta hawa ba, dawakin kasuwa ne ake kawowa ana horarwa ana sayarwa, yau a baki mai taurin kai gobe mai tsoro jibi wanda bai san komai ba, kuma cikin sanyin Jamus. A 1998 ta auri Markus Beerbaum ƙanin shahararren mahayin Jamus Ludger Beerbaum, ta karɓi takardar zama 'yar Jamus. A 1999 ta zama mace ta farko da Jamus ta taɓa sawa cikin tawagarta a babbar gasa ta tsallake, a gasar Turai da akayi a Hickstead ta Ingila, da goɗiyarta Stella, kuma suka ci zinare. Ki tuna lokacin Jamus ce ke jan ragamar wasan nan, maza zakaru na layi suna jiran gurbi huɗu kacal.

Daga nan sai zamanin Shutterfly. Disamba 2004 ta hau ta ɗaya a jerin mahayan duniya gaba ɗaya, maza da mata, mace ta farko kenan. 2005 ta ci kofin duniya a Las Vegas, a shekarar kuma ta ci babbar gasar Aachen ta Jamus wadda su a wajensu ita ce uwa maba da mama. 2007 zakarar Turai a Mannheim. 2008 ta sake cin kofin duniya a Göteborg ta Suwidin, 2009 ta koma Las Vegas ta ci na uku, wannan karon ma duka matakai ukun gasar ita ta lashe. Duk da doki ɗaya fa.

Abin da ya fi burge ni ma 2010 ne, ta haifi 'yarta a Fabrairu, kafin shekarar ta ƙare tana Kentucky ta Amurka a gasar duniya (ita daban take da kofin duniya) kan wani dokin nata Checkmate, Jamus ta ci zinaren tawaga da ita a ciki. Olamfik ce dai bata yi mata daɗi ba, a 2008 ta huɗu ta zo, sai a Rio 2016 tana da shekara 46 ta samu tagulla ta tawaga da dokinta Fibonacci.

Baba Mai Doki (Tudun Wada):

Sannunku yara. Malam Abban Sadiq ka yi ƙoƙari amma ka lissafo kofuna ka bar dokin, ni kuma da na tsufa a barga wajen dawakin folo dokin nake kallo ba kofi ba. Wannan Shutterfly dandaƙaƙƙen doki ne irin na Hanover, an haife shi 1993, kuma matsoraci ne na ƙarshe, baya son hayaniya baya son kiɗa baya son baƙon hannu. Irin dokin da a nan da tuni wani ya ce ai iskanci ne, a sa mishi ƙaimi da bulala ya shiga taitayinsa. Ita kuwa ta bi shi a hankali shekara da shekaru, kuma mai kula da shi mace ce 'yar Finland da ta daɗe tare da shi, ita ke wanke shi ita ke tafiya da shi a mota da jirgi. Ku masu kallo a waya mahayi kawai kuke gani minti ɗaya da rabi, wanda ke kwana a gindin turke ba a nuna shi.

Ku nemi gasar duniya ta 2006 a Aachen ku kalla. A lokacin akwai wata doka, mutum huɗu da suka fi kowa su ake bari a ƙarshe, kowa ya hau dokinsa sannan ya hau na sauran ukun ɗaya bayan ɗaya, 'yan mintuna kawai za a ba ka ka saba da shi. Kamar a miƙa maka makullin motar da baka taɓa tuƙawa ba a ce ka ratsa Kasuwar Barci da ita ranar jajiberen sallah ba tare da ka gogi kowa ba. A cikin huɗun nan uku mata ne, Meredith da Beezie Madden ta Amurka da Edwina Alexander ta Ostireliya, namiji ɗaya Jos Lansink na Beljiyam. Shutterfly ya tada hankalinsa sosai wajen canjin sirdi a gaban dubban mutane, duk jikinsa na rawa, kana ganin uwargijiyarsa kasan hankalinta na kanshi ba kan gasar ba. Sai da aka je raba gardama sannan Lansink ya ci, Beezie ta biyu, Meredith ta uku. Bayan 2014 an daina wannan dokar kuma ni na ji daɗi, doki ba keke bane da za a dinga aro.

Hajiya abin da zan faɗa miki, in yarinya zata koya ki kula da wanda zai koya mata. Linzaminmu na gargajiya mai zoben nan an yi shi ne don a zo a sukwane a ja a tsaya cak gaban sarki a yi jinjina, yana da kyau ranar hawan daba amma yana kashe bakin doki, dokin da bakinsa ya mutu kuwa bazai ji ɗan motsin yatsa ba balle a daidaita mishi taku gaban shinge. Shutterfly yana da shekara 18 ya ci wata babbar gasa a Aachen a 2011, a wannan makon aka yi mishi bankwana da fili, ya zauna yana kiwo har 2023. Mu nan nawa ne dokinmu ke kai 18 da ƙafa lafiya? Ana gama sallah a ɗaure shi a manta, dusa ma sai an tuna.

Anti Bilki (Barnawa):

Ni fa bari in amsa ɗaya tambayar da kowa ke zagayewa. Maman Ilham wasan masu kuɗi ne, kar wani ya yaudare ki. 'Yar Bill Gates na yi, 'yar Bloomberg na yi, 'ya'yan sarakunan Larabawa na yi, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 2013 rahotanni sun ce an sayar da wani doki Palloubet d'Halong kan kusan yuro miliyan 11, ki buga a naira ki gani ko kalkuleta zata ɗauka. Kuma abin haushin wata yarinya ce 'yar Suwizalan Janika Sprunger ta raine shi ta kai shi wannan matsayin, ana ganin ya yi kyau aka saye ya koma hannun 'yan Katar.

Ita kanta Meredith ɗin da ake ta yabo ai yawancin manyan dawakinta da kuɗin masu zuba jari aka saya, kuma goɗiyar da ta je Olamfik ta Landan da ita a 2012, Bella Donna, daga baya Katar aka sayar da ita. Haka sana'ar take, kuɗin gasa kaso mai tsoka na mai doki ne, mahayi da me yake rayuwa? Da koyar da 'ya'yan masu hali da rainon ƙananan dawaki yana sayarwa da kamfanonin da ke ɗaukar nauyi. Wato dillancin doki ne a cikin kwat. Ba ina kushe ta bane wlh ta yi abin a yaba, amma ta taso a gidan da ake iya saya mata doki, ta samu jami'a irin Princeton ta iya ajiyewa ta tafi, ke yarki ta ajiye ABU ta tafi ina?

Dokta (Mando):

Anti Bilki ta faɗi gaskiya mai ɗaci, zan ƙara da ɓangarenmu na likitocin dabbobi. Ko kina da kuɗin akwai katangar da kuɗi baya rusawa cikin sauƙi, wato ciwon dawaki na Afirka wanda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, yana kashe doki da sauri kuma yana nan a yankinmu. Saboda shi ƙasashen Turai basa barin doki ya taso daga nan kai tsaye ya shiga musu, shigo da doki Najeriya ya fi fitar da shi sauƙi nesa ba kusa ba. Su fa basa wasa da wannan, a 1956 Olamfik a Melbourne akayi amma wasan dawaki a Stockholm saboda dokar killace dabbobi ta Ostireliya, a 2008 ma Beijin akayi amma dawaki Hong Kong suka tsaya. Shiyasa ɗan Afirka da ke son kaiwa sama a wannan wasa shi ke tashi ya koma inda dawakin suke.

Sannan irin dokin ma daban ne. Nasu manya ne da aka yi shekaru ana zaɓen iri don tsalle kawai, a Jamus da Holan da Beljiyam da Faransa. Namu na gida ƙanana ne masu juriya, na folo da ake kawowa daga Ajantina kuma an gina su don fizga da juyi. Amma kar a raina ƙarami, a Olamfik ta Meziko 1968 wata 'yar Ingila Marion Coakes ta ci azurfa da wani ɗan guntun doki Stroller wanda bai kai mita ɗaya da rabi ba a kafaɗa, ita ce ma mace ta farko da ta ci lambar ƙashin kanta a tsallake. Don koyo dokinmu ya isa ya yi yawa, ai da sanda kwance a ƙasa ake farawa, sai an zauna daram a sirdi a tafiya da sassarfa da sukuwa kafin a ɗaga ta ko taƙi ɗaya. Hular kwano dole ce kullum ba sai ranar gasa ba, ta hawan doki ta gaske mai igiya a haɓa, ba ta 'yan acaɓa ba. Kuma in son dokin ne da gaske akwai karatun likitan dabbobi nan Zariya, masu dawakin folo na Kaduna da na kulob ɗin folo na Fifth Chukker kullum suna buƙatar wanda ya san ƙafar doki da cikinsa.

Maman Ilham (Unguwar Dosa):

Kai jama'a nagode Allah ya saka da alkhairi, Baba Allah ya ƙara girma. Yuro miliyan 11 kuma, tabɗi. Toh saura magana ɗaya, kakarta ta wajen uba ta riga ta ce ita bata taɓa ganin 'ya mace ta haye doki ba kuma kayan nan nasu sun matse, akwai musulmai mata da ke yi ne ko duk turawa ne?

Ummu Khalil (Kawo):

Maman Ilham ki gaida Hajiya kaka ki ce mata mu jikokin Amina ta Zazzau ne, ita dai ba a ƙafa ta zaga ƙasar Hausa ba lol. Musulmai na yi sosai. Gimbiya Haya 'yar marigayi Sarki Husaini na Jodan ta yi tsallake a Olamfik ta Sidni a 2000, daga baya ma ita ta shugabanci hukumar wasan dawaki ta duniya FEI daga 2006 zuwa 2014. Sheikha Latifa Al Maktoum ta Dubai ta je ta 2008. Dalma Malhas ta Saudiyya ta ci tagulla a Olamfik ta matasa a Singafo 2010. Nan gida ma Neku Atawodi ai a Kaduna ta taso ta koyi hawa har ta zama 'yar folo da aka sani a waje.

Maganar kaya kuwa in kika duba a cikin wasanni shi ne ma mai rufin asiri, dogon wando da takalmi har gwiwa da kwat da safar hannu da hula, hijabi ƙarami na shiga ƙarƙashin hular lafiya lau. Wandon ne dai ya kama jiki gaskiya, amma a wajen koyo ba wanda ya hana ta riga mai sauka ƙasa kaɗan, abin da ba a so shine mayafi mai tashi ko doguwar riga da zata sarƙe a likkafa. Ni abin da zan fi dubawa shine wa ke koyarwa kuma wa ke tsaye a wajen, babanta ko yayanta ya dinga zama har a gama.

Sultan_KD:

Ni kam kuyi haƙuri Beezie Madden ta fi Meredith. Zinare biyu na tawaga a Olamfik 2004 da 2008, ga tagulla ta ƙashin kanta a 2008 kuma a zagayen raba gardama ta karɓe ta a gaban Meredith ɗin, ta yanke hanya ta tsallake shukokin ado da aka jera a filin da dokinta Authentic. Kofin duniya 2013 da Simon, ta sake a 2018 a Faris da Breitling tana da shekara 54. Dawakai daban daban fa. Waccan ku cire Shutterfly ku ga me ya rage.

Abban Sadiq (Malali):

Sultan ƙanina a cire Shutterfly ai saura Stella da Checkmate da Fibonacci, zinaren Turai da na duniya da tagullar Olamfik, wannan ne babu? Na yarda yankan da Beezie ta yi a Hong Kong ƙwaƙwalwa ce, amma lambar Olamfik ta rana ɗaya ce, sanda ɗaya ta faɗi shikenan sai bayan shekara huɗu, shiyasa har yau ba macen da ta ci zinaren ƙashin kanta a tsallake a Olamfik duk da Gail Greenough ta Kanada ta ci gasar duniya tun 1986, Simone Blum ta Jamus ta ci a 2018. Shi kuwa matsayi na ɗaya maki ne ake tarawa na wata 12 gasa bayan gasa, ba a hawansa da sa'a, kuma Beezie bata taɓa hawa ba. Sannan zinaren 2004 da kake taƙama da shi ai a filin Atens Jamus ce ta ci, daga baya aka samu wani magani da aka haramta a jikin Goldfever dokin Ludger Beerbaum, na man shafawa da aka sa mishi a ƙafa, aka soke sakamakonsa Jamus ta koma ta uku zinaren ya dawo Amurka. Kaga ko wannan ɗin daga gidan surukan Meredith ya fito.